Na-Sama da Rijiyar Baƙin Dutse

Su biyu ne maza a wurin ubansu, kuma sana'arsa suka gada, wato haƙar rijiya. Babban shi ke shiga rami, don haka aka laƙaba masa Na-Ƙasa. Ƙaramin shi ke tsayawa a baki riƙe da igiya, sai ya zama Na-Sama. Sunayensu na ainihi sun ɓace tun suna samari, har matansu ma da waɗannan suke ambatarsu in sun ba da baya.

Mutane sukan ɗauka mai riƙon igiya ɗan rakiya ne. In ruwa ya fito, Na-Ƙasa ake yi wa sannu, shi ake kawo wa ruwan wanka, shi mata ke leƙowa su gani. Na-Sama yana gefe yana naɗe igiyarsa a gwiwar hannu, kuma abin bai taɓa damunsa ba. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, wanda sai ka yi da gaske kafin ka ji muryarsa. Duk abin da ya shiga rijiya ko ya fito, ta tafin hannunsa yake bi: diga, dagi, fitila, butar ruwan sha, bokitin ƙarfe cike da ƙasa, da yayan nasa kansa. Ko idonsa a rufe yakan faɗa maka yashi ne a bokitin ko yumɓu ko tsakuwa. Daga yadda aka fizgi igiya yakan gane ko Na-Ƙasa ya yi faɗa da matarsa da safe.

Na-Ƙasa kuwa bakinsa ba ya hutawa. Tun daga ƙasan rami za ka ji shi yana tsokana.

"Kai malalaci, kana can kana shan iska, ni ina nan ina cin ƙasa!"

"In na saki fa, Yaya?"

"Saki mana. Garken 'ya'yana duk kai za a tara wa."

A wancan zamani babu injin da ke huda ƙasa cikin yini guda. Rijiya da hannu ake yinta, kuma mai haƙa yakan san dutsen yankinsa kamar yadda ya san halin maƙwabcinsa. Dutsen yankinsu fari ne mai ɗigo-ɗigo kamar zabo, yana ƙyalli in rana ta doke shi, kuma dunƙule yake guda ɗaya, ba tsaga ba kafa. Diga ba ta cinsa. Ubansu ya koya musu maganinsa: a tara itace a kansa a ƙasan rami, a sa wuta ta ci har ya yi jawur, a kwara masa ruwan sanyi, sai ya ɓare fallen-fallen kamar albasa. A bar hayaƙi ya fice, a zura fitila a gani ko za ta mutu, sannan mutum ya shiga. Ya kuma koya musu cewa in an ratsa dutse an kai ga danshi, sai a faɗaɗa gindin rijiyar ta yi ciki irin na tulu, don ta tara ruwa da yawa. Dutsen da ke sama ba ya motsi, ya zama rufi. Haka suka yi shekara da shekaru, ba a taɓa ɗauko ɗayansu da rauni a kan ƙyaure ba.

Furfura ta fara fito musu a gemu lokacin da aka kira su wani aiki can nesa, a ƙasar tuddai. Wanda ya kira su wani tsohon hedimasta ne da ya yi ritaya. Gwiwoyin matarsa sun gaji da hanyar rafi, shi kuwa yana son ya ga rijiya a tsakar gidansa kafin ƙarfinsa ya ƙare. Gida ne mai tsabta, da rufin kwano, da bishiyar mangwaro, da shingen waya da aka ɗaure da kyau. Maƙwabcinsa na dama direban babbar mota ne. Na hagu kafinta ne siriri, wanda kowa ke kira Tsinke.

Ƙasar wurin ja ce mai laushi, aikin ya yi ta tafiya kamar wasa. Sai ran nan diga ta yi ƙara irin wadda ba su saba ji ba. Na-Ƙasa ya turo ɓallin dutse a bokiti, Na-Sama ya ɗauka ya jujjuya. Baƙi ne wuluk, mai nauyi, samansa duk ƙananan ramuka kamar kashin maƙera, cikinsa kuwa sumul, ko ƙwaya ɗaya ba ka gani.

Da suka zauna hutun rana a gindin mangwaro, Hedimasta ya shiga ɗaki ya fito da wani farin dutse da ya daɗe yana danne takardu da shi. Ya ajiye shi kusa da baƙin.

"Kun ga waɗannan biyu? Uwarsu ɗaya."

"Uwa ɗaya, Malam?" in ji Na-Ƙasa. "Ai ko ni da wannan mummunan mun fi su kama."

Hedimasta ya gyara tabarau. Ya yi kewar allo, ga shi Allah ya kawo masa ɗalibai har gida.

"Can ƙarƙashin ƙasa," ya ce, "nesa da inda digarka za ta taɓa kaiwa, akwai zafin da ke narkar da dutse ya koma kamar dalma a kaskon maƙeri. Wani lokaci narkakken dutsen nan yakan taso, sai ya maƙale a hanya, ƙasa ta lulluɓe shi kamar bargo. A nan zai huce sannu a hankali, shekaru dubbai bisa dubbai. Da yake ba gaggawa, kowane iri a cikinsa sai ya nemi ɗan'uwansa su dunƙule, fari da fari, baƙi da baƙi, mai ƙyalli da mai ƙyalli. Shi ya sa kuke ganin ƙwayoyinsa da ido. Daga baya ruwan sama ya yi ta kwashe ƙasar da ke kansa har ya fito fili. Dutsen garinku ke nan."

"Baƙin fa?" Na-Sama ne ya tambaya, abin da ya ba yayansa mamaki.

"Shi bai tsaya ba. Ya fasa ƙasa ya fito. Kun ga tudun can, wanda kansa ya lotsa kamar an danna shi da babban yatsa? Bakinsa ke nan, ta nan ya yi aman wuta. Ya malalo ya cika kwarin nan, iska ta buge shi, ya daskare da wuri, ƙwayoyin ba su sami sukunin girma ba. Samansa ya yi kumfa, su ne ramukan nan. Da yana hucewa kuma sai ya tsuke, ya tsattsage kamar lakar kududdufi da rani. Amma tsagar ba a fuska ta tsaya ba, ta bi shi har ƙasa. In kun je bakin rafi za ku gan shi a tsaye jere-jere, kamar wani ne ya kakkafa ginshiƙai. A ƙarƙashinsa kuwa akwai tsohuwar hanyar ruwa da ya binne. Ita nake so ku kai mini."

"Yaushe aka yi wannan gobara, Malam?"

"Tun ba a sami mai ba da labari ba."

"To madalla, ya isa hucewa. Da ina tsoron ƙona ƙafa."

Aka yi dariya, matar Hedimasta ta kwashe kwanuka. Su ukun duk sun ji maganar ginshiƙai, kuma ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa a kan me ginshiƙi yake tsayawa.

Suka yi wa baƙin dutsen wuta yadda ubansu ya koya musu. Dutsen bai yi gardama ba ko kaɗan. Bai ɓare kamar albasa ba, gunduwa-gunduwa ya riƙa fitowa, kowane da kusurwoyinsa kamar magini ya sassaƙa. Matar Hedimasta ta sa aka mirgina mata guda ɗaya ƙofar kicin ta mai da shi kujera. Na-Ƙasa ya ce bai taɓa ganin dutse mai ladabi irin wannan ba. Ya ratsa shi, ya tarar da jar ƙasa mai tauri wadda ta toye kamar tukunya, a ƙarƙashinta kuma tsakuwa mulmulalliya mai danshi, irin ta cikin rafi. Hedimasta ya riƙe tsakuwar a tafin hannu yana ta murmushi. Na-Ƙasa kuwa ya shiga faɗaɗa gindi, yana kwashe tsakuwa daga ƙarƙashin baƙin dutse ta kowane gefe, don rijiya ta yi cikin tulu.

Da hantsi abin ya faru. Na-Sama yana jan bokiti, igiya tana bi ta kan gungumen da aka gicciya a bakin rijiya, sai ya ji ta yi wata irin rawa a hannunsa. Kafin ya gane mene ne, wata ƙara ta taso daga ƙasa, kamar ana jan ƙofar ƙarfe a kan siminti. Ƙura ta turnuƙo ta bakin rami. Igiya ta fizge shi gaba, ya tokare ƙafafunsa biyu a jikin gungume, ya zauna daɓas, ya jingina baya. Nauyin da ke hannunsa ba na bokiti ba ne, ba kuma na mutum ba. Nauyi ne mai numfashi, yana ɗan ƙaruwa yana ɗan raguwa.

"Yaya!"

Shiru. Sai tsakuwa da ke zuba ɗaya-ɗaya.

"Yaya!"

Can ya ji tari, sannan murya, a shaƙe, kamar daga cikin randa.

"Kar ka ja."

"Ban ja ba."

"Kar ka saki."

"Ban saki ba. Me ya faru?"

Na-Ƙasa ya faɗa masa a guntu-guntu. Ginshiƙai biyu ne suka ɓalle daga bango, ɗaya ta gabas ɗaya ta yamma, suka kwanto suna neman haɗa kai. Bokitin ƙarfe ya zo wucewa daidai lokacin, ya maƙale a tsakaninsu. Shi kaɗai ya hana su gocewa su faɗo. Shi Na-Ƙasa yana ƙarƙashinsu a zaune, wani gunduwa ya danne masa ƙafar hagu. Yana ganin ɗan haske ta wata kafa a gefe.

"Sannan ka gaya wa Malam albishir," in ji shi. "An sami ruwa. Ga shi nan yana shigo mini wando."

Matar Hedimasta ce ta fara fitowa, ihunta kuma ya tara unguwa. Kafin a ce me, tsakar gidan ta cika. Kowa ya ga igiya a miƙe ta shiga rami, ya ga mutum zaune ya ƙi ja, kuma kowa ya ɗauka Na-Ƙasa ne a ɗaure a ƙarshenta.

"Ja mana! Me kake jira?"

"Tsoro ya kashe masa jiki, ku karɓe igiyar!"

Direba, ƙato ne mai zuciyar taimako da saurin hannu, ya riga ya cafki jelar igiyar da ke bayan Na-Sama. "Ku kama mu ja! In ta ƙi, in kawo mota mu ɗaura a baya!"

Na-Sama bai waiwaya ba. Ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Direba, sauke hannunka. In ka ja igiyar nan kai ka kashe shi, ni kuma in na tashi daga nan ni da kai ne."

Ba wanda ya taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka. Direba ya saki. Hedimasta ya ɗaga muryar da ya yi shekaru yana tsai da filin makaranta da ita, ya ce kowa ya ja da baya har bakin shinge, kuma kada wanda ya buga ƙafa a ƙasa. Ya aika matarsa ta ɗauko madubin ɗaki. Ya cire tabarau ya goge, ya kwanta rubda ciki a bakin rami da fararen kayansa, ya karkata madubin har hasken rana ya sauka ciki. Ya daɗe yana kallo. Da ya ɗago, sai ya ajiye madubin a gefe.

"Ba za a ɗaure igiyar a jikin mangwaro ka huta ba?" ya tambayi Na-Sama a hankali.

"A'a, Malam. Dutsen yana motsi. In ya sauka sai in bi shi kaɗan, in ya tsaya in tsaya. Bishiya ba ta san wannan ba."

"Wani ya karɓe ka fa?"

"Wurin miƙawa za ta girgiza."

Hedimasta ya gyaɗa kai, ya juya ya kira kafinta. "Tsinke, zo nan. Kai kaɗai ne za ka shige tsakanin bango da igiya ba ka taɓa ta ba."

Kafinta ya leƙa ramin, ya ja da baya. "Malam, ni fa tebur nake yi da benci."

"Na sani. Yau ma ƙafa za ka sa wa abu don kada ya faɗi. Saurara da kyau. Ginshiƙan nan ba guda ba ne daga sama har ƙasa, suna da gaɓoɓi kamar rake. In ka tokare kai kaɗai, sai su karye a gaɓa. Ka nemi kowace tsaga da ta gicciya, ka sa tokara a ƙarƙashinta, daga dutsen zuwa bangon da bai motsa ba."

Tsinke ya dubi matarsa da ke bakin shinge, ta rufe baki da gefen zane. Ya dubi Na-Sama. Sannan ya tuɓe riga ya ce a kawo masa zarto da gora mai tsawo ta awo.

Katako bai isa ba. Aka ciro ƙyauren ɗakin ajiya, aka kwance gadon Hedimasta, Direba ya kawo katakan bayan motarsa. Aka gicciya wani gungume a ɗaya gefen bakin ramin, aka zura Tsinke da igiya ta biyu, Direba da maza suna riƙe. Ya auna da gora, aka fito da shi, ya yanka, aka mai da shi. Ba halin buga guduma. Ya naɗe kanta da tsumma, yana ɗan ƙwanƙwasa matoshi kamar mai tsoron ta da jariri. Kowane bugu yana hawowa ta igiya ya shiga hannun Na-Sama.

"Tsaya," yakan ce. Tsinke ya tsaya, kowa ya riƙe numfashi. "To, ci gaba. A hankali."

Rana ta hau tsaka. Inuwar mangwaro ta janye ta bar Na-Sama a fili. Gumi yana shiga masa ido ba hannun sharewa, ƙuda ya sauka a leɓensa ya yi yawonsa ya tashi. Matar Hedimasta ta zo ta tsaya a kansa da laima, ta kai masa kofi baki, ta goge masa fuska da gefen mayafinta.

"Sannu, ɗana. Sannu."

Kafaɗunsa sun daina ciwo, sun koma kamar na wani. Igiya ta ci kantar hannunsa ta kai ga nama, inda ya riƙe ya yi ja ya yi santsi, sai ya ƙara matsewa. Akwai kuma abin da shi kaɗai ya sani, bai gaya wa kowa ba: mariƙin bokitin yana miƙewa. Yana jin sa, kaɗan-kaɗan, kamar yadda mutum ke jin haƙorinsa yana girgiɗi.

"Yaya, ina ruwan ya kai?"

"Cibiya. Sanyi gare shi kamar zuciyar surukata."

Wasu a bakin shinge suka yi dariya, dariyar ta mutu nan take. Tsinke ya sa tokara ta ɗaya gefen, ya fito a jiƙe da gumi, ya gaji har ya kasa riƙe zarto, sai Direba ya karɓa ya yanka masa inda ya zana. Da aka sake tambaya, ruwa ya kai ƙirji. Muryar Na-Ƙasa ta canza, ba tsokana a cikinta.

"Ƙanena, ji nan. In abin ya zo da ƙarar kwana, ka ce wa uwar yara..."

"Rufe mana baki."

"Ka saurare ni mana."

"Ba na ji. In kana da saƙo ka fito ka kai da kanka, ni ba ɗan aikenka ba ne."

Daga nan sai shiru. Shirun ya fi komai tsorata Na-Sama, domin tun da aka haife shi bai taɓa jin ramin da yayansa ke ciki ya yi shiru ba. Ya lalubi abin da zai faɗa, shi da ba gwanin magana ba.

"Kai, tsohon banza! Barci kake yi? Mutane sun bar aikinsu suna tsaye a rana, an kwance wa Malam gado, kai kana can kana wanka!"

Shiru.

"Da ma Baba ya faɗa, ya ce kai ba ka iya komai ba sai surutu!"

"Ƙarya kake," in ji muryar, can ƙasa. "Kai ya ce wa haka... a'a, kai ya ce ba ka iya ko surutun ba."

"To ci gaba da magana in ji."

Ruwan da ke neman ran Na-Ƙasa shi ya yi masa rana ta wani gefen. Ya jiƙa tsakuwar da ke ƙarƙashin ƙafar, ta yi laushi. Na-Ƙasa ya laluba cikin ruwa ya sami dagi, ya yi ta ƙwaƙule tsakuwa daga ƙasan ƙwaurinsa. Sai aka ji wata ƙara da ta sa mata toshe kunne, ƙarar mutum ce ba ta dutse ba.

"Na zare ta," ya ce yana haki. "Ta karye, amma tawa ce, da ita zan tafi."

Tsinke ya sauka karo na ƙarshe. Ya sa tokarar da ta rage, ya zura wata igiya ta kafar da haske ke shiga, ya jira har Na-Ƙasa ya ɗaura ta a ƙarƙashin hammata. Aka fito da Tsinke, ya rarrafa gefe ya kwanta a ƙasa yana kallon sama. Saura a jawo mutum mai faɗin ƙirji ta kafar da ba ta fi bakin taga ƙarama ba, a gefen duwatsun da katako da bokiti kaɗai ke riƙe da su.

Direba ya tofa yawu a hannu, ya dubi Na-Sama. "Kai za ka faɗa mana. Ba mu motsi sai ka ce."

"Ku ja kamar kuna jan zare. To. Tsaya. Ku ƙara. Tsaya!"

Kafaɗar Na-Ƙasa ta gogi ginshiƙi. Bokiti ya yi wani siririn kuka, igiya ta zame a hannun Na-Sama kamar faɗin yatsa, ya danne ta da duk abin da ya rage masa. Wani katako ya yi ƙara a ƙasa. Ba wanda ya yi tari.

"Yaya, fitar da numfashi duka. Ka tsuke cikin nan naka."

"Wane ciki? Tun safe ban ci komai ba."

"Tsuke shi! Direba, yanzu. Ku ja, kar ku tsaya."

Suka ja. Aka ji gogar fata a jikin dutse, aka ji nishi, sai nauyi ya saki ya zama na mutum mai lilo. Hannu bayan hannu, har kansa ya ɓullo, fari fat da ƙura daga wuya zuwa sama, jiƙe sharkaf daga wuya zuwa ƙasa. Maza suka kama shi ta hammata suka janye shi nesa da baki, ƙafar hagu tana bin sa a karkace. Matar Hedimasta ta yar da laima ta fashe da kuka.

Na-Sama yana nan zaune yadda yake.

"Ya fito," in ji Hedimasta, ya dafa kafaɗarsa. "Saki, ɗana. Ya fito."

"Na gani, Malam. Hannun ne ya ƙi."

Sai da Hedimasta da matarsa suka durƙusa suka riƙa ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Igiya ta sulale ta kan gungume. Ɗan lokaci ba abin da ya faru, har wani ya fara cewa ashe da ma katakon ya isa. Sannan katako ya yi kuka, ya ɓalle, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafafun mutane, wata iska mai sanyi da feshin ruwa suka taso ta bakin ramin suka jiƙa ganyen mangwaro.

A bayan motar Direba aka kai su asibiti, su biyun. Ƙafar ta ɗoru amma ta gajarce, Na-Ƙasa bai sake shiga rami ba. Masu haƙa da yawa sun zo neman Na-Sama ya riƙe musu igiya, ya ce ya gode. Hedimasta ya sama masa aikin gadin ƙofa a makarantar da ya taɓa shugabanta, su biyun suka kwaso iyali suka zauna a garin, ya yi ta aikin har tsufa, yayansa kuma yana zuwa da sandarsa kusan kullum ya zauna a bencin ƙofar yana damun malamai da labari. Rijiyar gidan Hedimasta daga baya aka sake haƙa ta a wani gefe, aka ɗaure bangonta da siminti tun daga sama, ba a kuma yi mata ciki ba.

Washegarin ranar da aka kwantar da su, ma'aikaciyar jinya ta kawo abinci ta ajiye tsakanin gadajen biyu. Hannuwan Na-Sama suna naɗe da bandeji har wuyan hannu, kamar an sa masa dunƙule biyu na auduga. Ya dubi cokali, ya kau da kai ya ce ba ya jin yunwa. Na-Ƙasa, da ƙafarsa a rataye, ya miƙa hannu ya jawo kwanon kan cikinsa.

"Matso da gadonka."

"Na ce na ƙoshi."

"Ƙoshin me? Ina jin kukan cikinka tun asuba, ya hana ni barci. Matso."

Ma'aikaciyar ta tura gadon har suka haɗu. Na-Ƙasa ya ɗebo, ya hura, ya miƙa.

"Buɗe baki. Kai, buɗe da kyau, ƙato da kai. In ka zubar mini a riga, wallahi kai za ka wanke."

"Da wane hannun?" in ji Na-Sama, ya buɗe.